Log a fayil ko a stdout? Muhawarar 'yan saba (server)

Injiniya: Jama'a ni dai ina nan a kan bakana, duk app ɗin da ke gudana cikin container, wato keɓaɓɓen akwatin da Docker ke tada app a ciki, bai da dalilin rubuta log, bayanan abin da yake yi, a fayil, ya zuba komai a stdout kawai, hanyar da manhaja ke fitar da rubutu zuwa allo. Container yau yana nan gobe an goge shi, abin da ka rubuta a cikinsa ya bi shi. Tun 2011 mutanen kamfanin hosting na Heroku suka kawo wannan a Twelve-Factor, ƙa'idojinsu goma sha biyu na gina app, kuma ku duba image ɗin nginx, wato samfurin da ake tada container na wannan sabar yanar gizo da shi, access.log ɗinsa an ɗaure shi ne da /dev/stdout.

Ɗan Zariya: Yallaɓai a sassauta mana. Shi stdout ɗin ina yake zuwa? Ai fayil ne dai. Docker na tara shi a /var/lib/docker/containers, kuma json-file, driver ɗin da yake tara log da shi tun asali, ba ya yanke komai sai ka ce masa ya yanke, haka zai ta kumbura har disk ya cika taf, database ya tsaya, kai kuma kana can kana zagin kamfanin hosting.

Injiniya: To wannan laifin wa? Ka sa max-size da max-file a daemon.json, fayil ɗin saitin Docker, ko ka koma driver ɗin local, shi yana juyawa da kansa.

Ɗan Zariya: Ka manta ka gaya musu canjin ba ya taɓa tsofaffin container, sai an sake ƙirƙirar su.

Anti Java: Ƙannena duk kuna maganar disk, ni ciwon kaina daban ne. Java in ya faɗi yakan zubo stack trace dogo, wato jerin inda kuskuren ya biyo a cikin code, layi bisa layi, Docker kuma kowane layi abu ɗaya yake ɗaukarsa, to in buƙatu suna shigowa lokaci guda sai ka ga kuskuren wani ya cakuɗe da na wani, ka rasa kai ka rasa gindi. Ga Tomcat, sabar app na Java, ko ka tashe shi da catalina.sh run, access log ɗinsa fayil yake rubutawa sai ka gyara.

Injiniya: Anti ai maganin wannan JSON ne, kowane kuskure layi ɗaya, da lokaci da lambar buƙata a ciki, manhajar Fluent Bit ta kwashe ta kai Loki, ma'ajiyar log.

Anti Java: Loki a ƙaramar VPS, sabar haya, da ƙyar take ɗaukar app ɗin kanta? Haba Injiniya. Ni volume nake haɗawa, wato wurin ajiya a wajen container, logback mai rubuta log na Java ya juya fayil kullum, in an goge container fayil na nan.

Sabon shiga: Don Allah yayyena, ni Python nake yi, na sa print amma docker logs ba ya nuna komai sai can daga baya.

Ɗan Zariya: Sa PYTHONUNBUFFERED=1 ƙanina, riƙewa yake yi kafin ya saki. Kuma ka bar print, yi amfani da logging, kar kuma ka kuskura password ko token na mutane ya shiga ciki.

Injiniya: Anti tsarinki na aiki a saba ɗaya, na yarda. Ranar da kuka koma Kubernetes, mai rarraba container a na'urori da yawa, pod, wato ƙunshin container ɗinku, ya tashi daga wannan na'ura ya koma waccan, a wace za ki nemi fayil ɗin?

Anti Java: In mun koma sai mu yi maganar. Yanzu dai kwastomomina ko saba ta biyu ba su biya ba.