Wai Trump ne ya fara hana baƙi shiga Amurka?

Ɗan Zango: Jama'a don Allah tambaya, wai Trump ne farkon wanda ya rufe wa wasu ƙasashe ƙofa, kamar yadda ya saka Najeriya a 2020?

Maman Ummi: Haba ɗan uwa, ai abin ya daɗe. Tun 1882 suka yi dokar hana leburori 'yan China shiga, bayan sun gama shimfiɗa musu layin dogo fa, kuma sai 1943 aka soke ta.

Baban Gida: Gaskiya ne hajiya, amma mu ma ba mu tsira ba, Busiya, Firaministan Gana na lokacin, ya kori baƙi daga ƙasar a 1969, sati biyu kacal ya bayar, Hausawa da Yarbawa suka karyar da kayansu a wulaƙance.

Ɗan Zango: To ai Shagari ya rama a 1983, da ya kori baƙi daga Najeriya, ciki har da 'yan Gana.