Lissafin juriyar girgizar ƙasa na tsohon bene a Accra ya cije

Assalamu alaikum injiniyoyi. Ina duba wani bene mai hawa huɗu a Accra, garin da girgizar ƙasa ta yi wa ɓarna a 1939. Ƙasa shaguna ne ba bango, sama an cike da bulo. Zanen ginin ya ɓata.

Samfurin kankare uku da muka haƙo sun ba da ƙarfi kimanin MPa 14 (MPa ma'aunin ƙarfin kankare ne), gudumar gwajin ƙarfin kankare kuma ta ba da MPa 22. Zobban da ke ɗaure rodin ginshiƙai rodi ne milimita 6, tazara milimita 250, ba a lanƙwasa bakinsu ciki ba.

Ga inda na tsaya: a ETABS, manhajar kwamfuta ta lissafin gini, in ban sa bangon bulo ba, lokacin kaɗawar ginin daƙiƙa 0.9 ne, alhali na'ura ta auna 0.4 a kan ginin kansa. Da na wakilci bangon a manhajar da sandunan tokare a karkace, sai lambobin suka kusanci juna, amma lissafin tura ginin gefe ya tsaya da zarar ginshiƙan ƙasa sun fara sarewa. Raunin hawan ƙasa ne na gaske, ko faɗin tokaren na ɓata?

Sannan da samfuri uku kacal, 1.35 na Eurocode 8 kashi na 3 (ƙa'idar Turai ta duba juriyar girgizar ƙasa ta tsofaffin gine-gine) zan raba ƙarfin kankaren da shi don rage kasadar ƙarancin bayani, ko 1.2? Akwai iyalai a ciki, don Allah a taimaka.