Wace ƙofa ce wannan? Hotunan Bauchi daga adakar mahaifinmu

Ɗan Bakin Kura:

Assalamu alaikum jama'ar Bauchin Yakubu, na gida da na waje. Taimako nake nema wajen waɗanda suka san garin nan tun kafin ya zama babban birnin jiha a 1976.

Bayan rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, ni aka bar wa adakarsa ta ƙarfe, don babu mai so. A ƙarƙashin takardun fansho na tarar da hotuna ƙunshe cikin leda, wasu kuma a wani tsohon albam. Yawancinsu na gane su. Akwai wanda aka ɗauke mu ni da Yaya a hubbaren Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa da kayan sallah, hulata ta fi kaina girma, an cusa mata takarda a ciki don ta zauna. Mu yaran wancan lokaci idan mun gama kallon hawa a ƙofar fada, zamanin Sarki Sulaiman Adamu ke nan, can muke zarcewa da kuɗin barka da sallah a aljihu. An buɗe wurin a 1979, saboda haka sabo ne fil a idonmu. Ka shiga wani dogon lungu mai duhu, hannunka cikin na yayanka, gabanka na faɗuwa, sannan haske ya fara ratsowa ta sama, ka hau matakala, sai ga ka a fili babu rufi, ga kabarin can ƙasa. Mai yi wa baƙi bayani yakan ce duhun shi ne zamanin mulkin Turawa, hasken kuma 'yanci. Ni dai a lokacin ba wannan ne ya dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wai mutumin da ke jikin naira biyar, wanda Baba ba ya bari mu ko taɓa ta, ga shi nan kwance a garinmu, a kabari irin na kowa.

Hoton da ya gagare mu baƙi da fari ne. Baba yana saurayi, riƙe da keke Raleigh, a bakin wata ƙofar gari. Ganuwa a gefensa ta zaizaye kusan rabi, ga darbejiya, can baya kuma ana hango wata babbar mota mai bodin katako ta ba da baya. Ba a rubuta shekara ba, sai "2/6" da fensir. Yaya ya dage Ƙofar Ran ce. Gwaggo ta ce Wunti, kuma ita ba a ja da ita. Na ɗora shi a ƙasa, ku duba mini don Allah. Sannan wasu sun manne da ledar albam, yaya zan ɓamɓare su ba tare da fuskokin sun tafi ba?

Tsohon Direba:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Yaro, shekarar ba ta da wuya. Wannan 2/6 sule biyu da sisi ne, kuɗin wankin hoton. Naira da kwabo sun shigo ranar 1 ga Janairu 1973, ka ga an ɗauke shi kafin nan. Sai kuma ka dubi motar: ta ba mu baya, amma a hannun hagu take tafiya. Ranar 2 ga Afrilu 1972 ƙasar nan ta koma hannun dama. Ina karen mota a lokacin, maigidana ya ɗaure jan ƙyalle a madubin dama don kada ya manta. Saboda haka hotonka ya girmi wannan rana.

Ƙofa kuwa, tara muka sani: Ran, Wunti, Nasarawa, Jahun, Wase, Dumi, Inkil, Wambai da Tirwun. Ni ina bayan Gwaggonka. Manyan motocin da ke zuwa daga Jos ta Wunti suke shigowa, kuma nan ne mai hoto zai kafa kyamararsa ya samu ciniki. Amma ba zan rantse ba, don an sake gina ƙofofin da siminti, yanzu ma ga gadar sama a Wunti, ko ni da na yi rayuwata a kan titin nan sai na tsaya na yi tunani kafin na gane inda tasha take a da.

Mai Hoto Na Da:

Baba Direba, Allah ya ƙara lafiya, hujjarku ta kuɗi ta zauna. Ta hannun tuƙi ce nake so mu ɗan bincika, saboda a ɗakin wanki idan aka kifa nagetif, hagu komawa dama take yi, kuma yaran shago suna yawan yin haka. Abin da zai raba gardama shi ne keken. Sarƙar keke a dama take. A hoton nan keken ya fuskanci dama kuma ana ganin murfin sarƙa, wato ba a juya shi ba. Maganarku ta tabbata.

Ɗan'uwa, batun waɗanda suka manne: kada ka ja, kada ka sa ruwa, kada kuma ka kai a yi musu laminetin, zafin injin yana ƙarasa su ne. Fara ɗaukar kowanne da waya yadda yake, a inuwa da safe, ba filasha. Bayan nan ka gwada zura siririn zare a ƙarƙashin kusurwa kana ja a hankali. Wanda ya ƙi, bar shi da shafinsa. Masu kalar da ka ga sun yi ja, rinin ne ya koɗe, shuɗin ke riga tafiya, shi ya sa baƙi da fari na 1970 ya fi mai kala na 1985 kyan gani. Ka rubuta sunayen mutane a baya da fensir, biro yana hudowa.

Maman Yara, Gombe:

Ni ba ni da ta cewa a kan ƙofa, Malam, amma ka tuna mini. Muna 'yan makaranta, lokacin Gombe na cikin jihar Bauchi, kafin 1996, aka kai mu Yankari. Muka kauce a Dindima, muka shiga ta Mainamaji. An yi mana alkawarin giwaye, ba mu ga ko ɗaya ba sai kashinsu a hanya. Hoto ɗaya aka yi mana a bakin ruwan Wikki, kuma a cikinsa duk 'yan aji suna kallon kyamara ban da ni, don a daidai lokacin wani ƙaton bika ya fizge burodina ya haye bishiya. Ruwan nan garau, mai ɗumi, kana ganin yashin ƙasa da yatsun ƙafarka. Malamarmu ta hana mu shiga sai iya gwiwa. Har yau ina jin haushi.

Ɗan Bakin Kura:

Na gode ƙwarai. Baba Direba da Malam Mai Hoto, kun ba ni abin da gidanmu kaf aka kasa. Na karanta wa Gwaggo ta waya, ta ce ai da ma ta faɗa. Da na ambaci 1972 sai ta ƙara da wani abu da ba ta taɓa faɗa ba: wai keken ba na Baba ba ne, aro ya yi wajen abokinsa ma'aikacin reluwe don a ɗauki hoton a kai gidan su Inna, lokacin yana neman aurenta. Yaya kuwa har yanzu yana kan Ƙofar Ran, ya ce dutsen da ake hangowa a baya bai yi masa kama da na wajen Wunti ba. Bauchi duk inda ka juya dutse ne, saboda haka wannan sai wanda ya yi kiwo a bayan ganuwa.

Hajiya Maman Yara, bikan nan ina jin jikokinsa ne ke gadin wurin har gobe, mu ma sun ƙwace mana ledar ƙosai.

Akwai wani kuma da zan ɗora gobe, na filin wasa na Tafawa Ɓalewa, jama'a maƙil har kan katanga. Ban tantance ko murnar kofin ƙalubale ce da Wikki Tourists ta ci a 1998 ba, ko gasar ƙwallon ƙafa ta matasa ta duniya ta 1999. Masu zuwa kallon ƙwallo a wancan lokaci ku matso kusa.