Takarda shuɗiya: sojojin da aka yi yaƙi da su, aka kore su hannu rabbana

Jikan Ɗan Bama:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kakana yana cikin sojojin Afirka ta Yamma da Turawan Ingila suka kai Bama a yaƙin duniya na biyu, ya dawo ya mutu ba wanda ya waiwaye shi. Shi ya sa labarin sojan da aka ci moriyarsa aka yar yake taɓa min zuciya. Jiya na ci karo da wata magana, wai a Amurka an riƙa korar sojoji masu neman maza da wata takarda shuɗiya wadda ta hana su sakat har tsufansu. Mece ce wannan takarda? Kuma in ba a son su, me ya sa aka ɗauke su tun farko?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam. Haka aka yi. Takardar sallama ce mai launin shuɗi, ba ta ce ka fita da mutunci ba, ba ta kuma ce an same ka da laifi ba. Ba a kai mutum kotun soja balle ya kare kansa. Masana sun ƙiyasta mutum wajen 9,000 aka kora kan wannan dalili a lokacin yaƙin.

Inda abin ya fi ciwo shi ne bayan an dawo gida. A 1944 an yi dokar da ta bai wa tsofaffin sojoji kuɗin karatu da rancen sayen gida, amma mai shuɗiyar takarda sai dai ya gani a hannun wasu. Ya je neman aiki, a ce kawo takardar sallamarka, da ganin launinta magana ta ƙare. Baƙaƙen fata ma sun sha ta fiye da kima. An daina bayar da ita a 1947, amma korar ba ta tsaya ba sai 2011.

Batun ɗauka kuwa, Amurka ta saka wa mutum miliyan 16 kaki. Likitan tantancewa tambaya ɗaya ko biyu yake yi ya ce na gaba. A bakin daga kuma kwamanda ba ya son rasa gwanin harbi, sai ya kau da kai.

Hajiyar Tudun Wada:
Ɗana, ban gane amfanin tono wannan ba. Addininmu ya riga ya yi hukunci a kan wannan ɗabi'a, kuma kai ma ka sani.

Jikan Ɗan Bama:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, ba fatawa na zo nema ba. Haƙƙi nake magana. Gwamnati ta tura mutum gaban harsashi, ya tsira da ƙyar, sannan ta riƙe masa abin da ta yi alkawari. Na ga yadda irin wannan ya ci kakana, ba zan iya cewa daidai ne don an yi wa wani ba.

Baƙo daga Landan:
A nan Ingila haramcin aikin soja ga masu neman maza bai faɗi ba sai Janairun 2000, shi ma sai da kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta yi hukunci a 1999. Akwai waɗanda aka ƙwace wa lambobin yabo. Firayim Minista na lokacin, Rishi Sunak, ya nemi afuwarsu a majalisa a 2023, lokacin da yawancin na yaƙin duniya sun riga mu gidan gaskiya.

Abin da ya fi tsaya min a rai yana gidan tarihi na garin Oswestry. Wani soja, Gilbert Bradley, an kai shi horo a barikin da ke kusa da garin a 1939, ya riƙa samun wasiƙun soyayya ɗaruruwa masu sa hannun harafin G kaɗai. Masu gidan tarihin sun ɗauka budurwa ce, sai daga baya suka gano namiji ne, Gordon Bowsher, shi ma soja. A wata wasiƙa har roƙo aka yi a lalata su duka, don da an kama su kurkuku ne. Gilbert bai lalata ba. Suna ajiye a wurinsa har ya mutu a 2008.