Safar hannun mai cafe ƙwallo a sofbol (wasan bugun ƙwallo da sanda), wacce zan saya wa 'yata?

Baban Yara:
Salam jama'a. 'Yata shekararta 11, kocinsu ya sa ta cafe ƙwallo a bayan mai bugu, yace a nemo mata safarta, na ga ta besbol (wasa mai kama da sofbol) a gwanjo Kofar Wambai, in ɗauka ko in bari? Bana son yarinyar nan ta ji ciwo a hannu wallahi.

Koci:
Alhaji kar ka ɗauka. Ƙwallon besbol kewayenta wajen inci 9 ne, ta sofbol kuwa inci 11 ta ƙanana, 12 ta manya, shi yasa aljihun safar sofbol ya fi faɗi da zurfi, in ka ba ta ta besbol ƙwallon zai dinga zillewa yana dukan yatsunta. Ita wannan safar da kewaye ake auna ta, nemi inci 32 ko kusa da haka. Kar kace bari ka sayi babba ta girma da ita, hannun yarinya ba zai iya matse ta ba.

Maman Biyu:
Ka duba hannu ma, in da dama take jifa to a hagu za ta saka. Rawlings da Mizuno suna yin na yara masu laushi.

Yayan Fagge:
Nidai batun hunturu zan faɗa, fatar safar bushewa take ta tsage a Kano, ka dinga shafa mata man fata kaɗan, sannan a saka ƙwallo ciki a ɗaure ta kwana. In igiyar ta tsinke baduku zai gyara maka.

Baban Yara:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan tafi da ita ta gwada da hannunta.