Don Allah me zan sa wa tarkon ɓera, suga ko gasara?

Mai koko: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ina sana'ar koko da ƙosai, ɓeraye sun addabe ni a sito wallahi, abin da ya ɗaure min kai ga buhun suga nan sai dai su ɗan huda su bari, amma gasarar da na tace na ajiye a roba har murfin suke turewa, da safe in tarar da kashinsu a kai dole in zubar, asara kan asara. Na sa tarko da alawa ko kallo bai ishe su ba, guba kuma ina tsoro saboda yara da kaji.

Wata Hajiya: Wa'alaikumussalam ƙanwata, Allah ya mayar da alheri. Ai sun riga sun nuna miki abin da suke so, ki murza gasarar da ɗan ƙuli-ƙuli ki manna a tarkon, ƙamshin gyaɗa na jawo su.

Ɗalibin likitancin dabbobi: Anti abin da kika gani masana ma sun gani. Akwai wani Anthony Sclafani a Brooklyn College can Amurka, a shekarun 1980 ya yi ta gwaji, a rataya wa ɓera kwalba biyu, ɗaya ruwan suga ɗaya ruwan wani gari Polycose da ake yi a lokacin daga sitacin masara, mu a bakinmu kusan salam yake. In an tsinka duka biyun sosai ɓera na sitacin yake zaɓa, sai suga ya yi yawa yake komawa kan na sugan, gasara kuwa ai sitaci ne ya cika ta. Batun tarko kuma ba laifin alawa ba ne kawai, ɓera ba ya iya amai shi ya sa duk sabon abu tsoronsa yake, sai ya ɗan lasa ya jira ya ga ko zai cutar da shi. Ki ajiye tarkon jikin bango inda suke bi, da abinci amma kar ki ɗana, kwana uku ko huɗu, in sun saba ci sannan ki ɗana.

Wata nas: 'Yar uwa ni Lassa ce ta fi damuna, ta fitsari da kashin ɓera a abinci ake ɗaukarta. Duk gasarar da suka taɓa ki ci gaba da zubarwa, ki nemi bokiti mai murfin da ke kamawa gam, wanda tarko ya kama kuma ki sa leda a hannu kafin ki ɗauka, a binne shi nesa da yara.