Na sayar da fili da mota, ta wace hanya zan fitar da kuɗin zuwa Kanada?

Ɗan Unguwar Dosa:
Assalamu alaikum jama'a. Shawarar waɗanda suka riga mu tafiya nake nema. Allah ya yi, takardar zama ta dindindin ta Kanada ta fito mana, ni da mai ɗakina da yara biyu. Nan da sati bakwai za mu tashi daga Abuja, Winifeg muka nufa. Na sayar da filina na Millennium City da motata, na haɗa da ɗan abin da nake tarawa, yanzu akwai naira miliyan 52 a asusuna, sai dala 6,000 a asusun dala da na buɗe tun 2021. Shaidar kuɗin da suka nema na riga na nuna, wannan ya wuce. Abin da ke hana ni barci shi ne yadda kuɗin za su bi ni. In canza duka in riƙo a jiki? In zuba a asusun dala in tura ta banki bayan na sauka? Ko in bar rabi a nan? Don Allah ban da maganar kirifto, kuɗin intanet ɗin nan, ban iya ba, kuma ba da kuɗin filina zan koya ba.

Matashin Barnawa:
Barka Yaya. USDT, kirifton da ke bin darajar dala, kawai za ka saya, minti biyar an gama. Wa yake bin layin banki a wannan zamanin?

Direban Kawo:
Mutum ya ce ban da kirifto, amsar farko kirifto. Allah ya shirya mana yaran nan. Alhaji ni dai tambayata, jakar hannunka tana da sauran wuri? Ba ni da nauyi, kuma ba na minshari.

Alhajin Canji:
Allah ya sa a je a sa'a. Ka zo mu yi maka farashi mai kyau, yau naira 1,490 muke sayar da dala. Amma ka lura da takardar da za a ba ka. Ɗari-ɗari shuɗiya sabuwar fita ita ce ba ta ba da wahala. Mai ƙaramin kai kada ka yarda a cusa maka ita cikin bandir, ranar da za ka canza ne za ka ji ana rage maka.

Mai Shago Kasuwar Barci:
1,490 a ina Alhaji? Jiya da la'asar ƙanina ya saya a Wapa 1,465.

Alhajin Canji:
To ya hau mota ya je Kano da miliyan 52, ya lissafa kuɗin mai da na fargaba. Kuma farashin jiya ai ba shi ne na yau ba. Safe da yamma ma ba ɗaya ba ne.

Hajiyar Malali:
Ni an ce mini Zone 4 a Abuja 1,510 ne. To wa za mu yarda da shi?

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Malam, bari in jera maka yadda abin yake, shekarata 19 a wannan aiki. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta ce duk wanda zai fita ko zai shigo Najeriya da abin da ya haura dala 10,000 dole ya bayyana wa kwastan. Bayyanawa ba laifi ba ce, ɓoyewa ce laifi, kuma a kanta ake ƙwace kuɗi. Kanada ma haka, da zarar abin da ke hannunka ya kai dalarsu 10,000 sai ka faɗa a filin jirgi. Ba haraji za su cira ba, so suke su san daga ina. Saboda haka takardar cinikin filin nan da ta mota, da bayanan asusunka, ka riƙe su kamar fasfo.

Asusun dalarka shi ne hanya mafi tsabta. Tun watan Yunin 2023 Babban Banki ya ba da damar wanda ya zuba tsabar dala a asusunsa ya tura har 10,000 a rana. Kamfanonin aiken kuɗi irin waɗanda ake karɓar saƙon 'yan'uwa ta wurinsu kuwa, tun Janairun 2024 shigowa kawai aka yarje musu, ban da fitarwa, don haka kada ka ɓata takalminka. Kuma ka tambayi ɗan canjinka lasisi. A watan Maris na 2024 sama da 4,000 aka soke wa nasu rana ɗaya.

Nas a Ingila:
Ɗan'uwa ban san Kanada ba, amma don girman Allah ka ji abin da ya same ni, ko wani zai tsira. A Fabrairun 2024, lokacin da naira ke faɗuwa kullum kamar an jefa dutse a rijiya, na sayar da gwala-gwalaina da na gada wurin Hajiyarmu, maigidana ya sayar da shagonsa, muka haɗa miliyan 11. Sai abokinsa, wanda tare suka yi makarantar allo a Tudun Wada, ya ce yana da ƙani a Ingila, inda zan tafi, mai neman naira zai yi gini. Mu ba shi a nan, shi ya ba mu fam a can. Ba caji, ba cike takarda, farashin ma ya fi na kasuwa sauƙi. Muka ce alhamdulillahi.

Na sauka, na buɗe asusu, sati biyu fam ya fara shigowa. Sai dai ba da sunan ƙanin ba. Sunaye uku daban, biyu na Turawa. Na kira, ya ce abokan harkarsa ne, kada in damu. Kwana tara bayan nan ina kanti, keken sayayya cike da shinkafa da madarar yaro, na sa kati ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Ga layi a bayana. Haka na riƙa mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya, yarinyar da ke kan na'ura tana kallona.

Ashe ɗaya daga cikin kuɗin na wata tsohuwa ce da aka damfara, ta kai ƙara bankinta. Su kuma suka bi sawu, sawu ya tsaya a kaina. Aka rufe asusun. Aka ce in kawo shaidar inda na samu kuɗin, me zan nuna? Saƙon murya na WhatsApp? Suka sa wa sunana alamar zamba a rumbun da bankunansu ke dubawa, irin wadda kan kai shekara 6 ba ta goge ba. Wata huɗu albashina sai ta asusun wata 'yar Gana da muke aiki tare. Sai da na nemi lauya. Ƙanin ya canza lamba. Yayansa kuwa har gobe suna haɗuwa da maigidana a masallacin Juma'a, sai ya ce a yi haƙuri, ƙaddara ce.

Hajiyar Malali:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yar'uwa Allah ya mayar miki da alheri. Gwala-gwalan gado fa!

Malam Na Badarawa:
Allah ya saka miki. Shi ya sa malamai suka ce canjin kuɗi da kuɗi sai hannu da hannu, a zama ɗaya. Ka ba da naira yau, a ce za a ba ka fam bayan sati biyu, tun daga nan an saɓa ƙa'ida.

Matashin Barnawa:
To Malam, turawa ta banki ma ai kwana uku take yi kafin ta isa. Ita ma ta saɓa?

Malam Na Badarawa:
Wannan kuɗinka ne kake matsar da shi daga aljihu zuwa aljihu, ba ciniki ba ne. Ka zo karatu bayan magariba, ka daina saya da sayar da abin da ba ka taɓa riƙewa ba.

Mai Shago Kasuwar Barci:
Ni dai a ganina Anti ita ma da nata sakacin. Mu 'yan kasuwa shekara nawa muna biyan kaya a Dubai da Caina ta hannun mutane, ko sisi bai taɓa ɓata ba. Mutum ake dubawa.

Nas a Ingila:
Malam Mai Shago, ka taɓa zama a ƙasar da katinka shi ne abincinka, shi ne kuɗin hayarka, shi ne motar zuwa aikinka? Kai in harka ta lalace gida za ka koma ka ci tuwo. Kuma mutumin da ka ce a duba, shekara 30 maigidana ya san shi.

Baƙon Saskatun:
Ku yi haƙuri, amma rabin masu ba da shawara a nan iyakarsu tashar jirgin ƙasa ta Rigasa. Shekarata huɗu a Kanada, ga abin da na gani da idona. Na farko, Ɗan Unguwar Dosa, ka ce shaidar kuɗi ta wuce. Ba ta wuce ba. Jami'in da zai karɓe ku a filin jirgi yana da ikon ya sake tambaya, kuma kuɗin da za ka iya taɓawa yake nufi. A lissafin 2025 iyali mai mutum huɗu dalar Kanada 28,362 ne. In ka bar rabi a naira ta sake zamewa, kai ka sani.

Ni dalar Amurka 8,000 na riƙo, sauran na turo daga asusun dala. Kuskurena biyu. Na turo cikin asusun dalar Kanada, bankin nan ya canza mini da farashinsa, wato sau biyu aka yanke ni, a Kaduna da nan. Da na sani da asusun dalar Amurka na buɗe, ana buɗewa. Na biyu, layina na gida. Ranar da zan yi turawa ta biyu lambar sirri ta tafi layin da na bar wa ƙanwata, ita kuma tana makarantar kwana. Ka tafi da layinka, ka riƙa sa masa kati, in ya daɗe a kwance sayar wa wani ake yi. Abin da Anti Nas ta faɗa ma yana faruwa a nan, ta Interac, hanyar tura kuɗi tsakanin bankunan Kanada, ake yi.

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Ban taɓa zuwa Kanada ba, gaskiya ne, amma takardar turawar da ka cike irinmu ne muka sa mata hannu. Kada a raina na gida.

Baƙon Saskatun:
Ba da kai nake ba Baba, a gafarce ni. Nawa ne ma cajin yanzu? Ni dala 45 aka cire mini.

Hajiyar Malali:
Ɗana da ke karatu dala 70 muka ga ta ragu a hanya, banki suka ce ba su ba ne, wani banki ne a Amurka da kuɗin suka bi ta cikinsa.

Alhajin Canji:
Kun gani ko? Mu a wurinmu ba wanda zai ce maka wani ne a Amurka.

Direban Kawo:
Ni abin da ya dame ni ba dala ba ce. An ce kilishi ma ƙwacewa suke yi a filin jirginsu. Ƙasar da za a raba mutum da kilishi, a haɗa shi da sanyin da ya fi firiza, me ya yi zafi Alhaji?

Baƙon Saskatun:
Kilishi kam kada ya soma, nama ne, ba ya shiga. In ka ɓoye aka gani tara ce. Kuka da kuɓewa busassa na shigo da su, na dai nuna musu.

Injiniya Daga Kinkinau:
Ni tambayata daban. Me ya sa ka sayar da filin? Waɗanda suka sayar da gida a farkon 2023 suka ajiye naira suna jiran biza, dala tana 700 da wani abu a kasuwa, kafin shekara ta zagayo ta haura 1,500. Ƙasa ba ta ruɓewa. Da ka bar shi ka sa ɗan'uwa ya kula.

Nas a Ingila:
Ɗan'uwa ya kula? Injiniya kada ka sa in yi dariya. Wata da muke aiki tare shekara uku tana aika kuɗin gini Rigachikun, ana turo mata hoton bene har an yi rufi. Ta je hutu ta tarar da tubali layi biyar da ciyawa. Hoton gidan maƙwabci ake ɗauka.

Hajiyar Malali:
Ku ma na waje kuna da naku. Ku aiko kuɗin buhu 50 na siminti da farashin bara, in an ce ya tashi ku ce an cuce ku. Ƙanina haka ya yi mini, har ya sa wani abokinsa ya zo ya ƙirga bulo a gabana. Ni da na goya shi.

Injiniya Daga Kinkinau:
Shi ya sa nake cewa a biya mai sana'a ya duba aiki, a bar zumunci a gefe. Kuma a yi wa fili takarda a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna, kafin a tafi, ba takardar mai unguwa kaɗai ba.

Mai Shago Kasuwar Barci:
Injiniya na tallar kansa ke nan.

Ɗan Unguwar Dosa:
Na gode ƙwarai jama'a, Anti Nas Allah ya bi miki haƙƙinki. Amma har yanzu ban gane ba, in na zuba dalar da na saya a hannun ɗan canji cikin asusun, banki zai nemi rasit ko takardar filin ta isa? Baba Tsohon Ma'aikaci, kana kusa?

Direban Kawo:
Baba ya tafi sallar isha'i. Alhaji, filin nan 50 bisa 100 ne? Nawa ka sayar, kuma ta wajen titi yake ko ciki? Akwai wani yayana da ke nema.

Hajiyar Malali:
Kada yayanka ya saya bai je da ƙafarsa lokacin damina ba. Namu na wajen har yanzu kwaɗi ne ke haya a ciki.